Ƙwaram-ƙwaram a Birkin Baya: Yadda Ake Gano Ta, da Yadda Ake Gyara Ta

[Kiɗan buɗe shiri]

 Jama'a masu sauraro, ga mu a cikin shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar mota da tsaron rai a kan hanya. 

Yau za mu yi magana ne a kan wata ƙara da kusan duk mai mota ya taɓa ji. Kana tafiya a hankali a hanya mai gargada, ko ka haye tudun rage gudu, sai ka ji daga wajen tayar baya ana ƙwaram-ƙwaram, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Da ka hau kwalta mai kyau sai ta ɗauke. Wasu sukan ce ai mota ta kwana biyu, dole ta yi ƙara, su ci gaba da harkokinsu. Wasu kuma hankalinsu ya tashi, su garzaya gareji, a sa su sayi shokazoba biyu alhali ba su ne suka lalace ba, su dawo gida ƙarar tana nan daram.

Ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Sau da yawa abin da ke kawo wannan ƙara ɗan ƙaramin ƙarfe ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai notin birki da ya kwance shi ma irin wannan ƙarar yake yi, kuma kunne kaɗai ba ya raba su. Ɗaya damuwa ce kawai, ɗayan kuwa yana iya cin rai. Shi ya sa bincike ya zama dole, kuma bincike ne da mai mota zai iya farawa da kansa kafin ya ciro ko sisi.

Bari mu fara da sanin abin da ke bayan tayar. Birkin baya iri biyu ne. Na farko shi ne mai faifai, wanda kanikawa ke kira dis. Faifan ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, sai wani ƙarfe da ake kira kalifa ya hau gefensa ya rungume shi, a cikinsa akwai fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. In ka taka birki, man birki ya tura fistin, fad biyun su matse faifan, kamar dai yadda birkin keke yake kama bakin garin taya. Ita kalifar ba a kafe take ba, tana zamewa ciki da waje a kan wasu 'yan sanduna biyu da ake kira fin, kowanne da robar da ke kare shi daga ƙura da ruwa. Su kuma fad, kunnuwansu suna zaune ne a cikin gidansu a kan wasu siraran ƙarafa masu tauri da danƙo, wato kilif. Aikin kilif shi ne ya riƙe fad kada ya yi lilo. Ku riƙe sunayen nan biyu, fin da kilif, don yawancin maganarmu a kansu za ta tsaya.

Iri na biyu shi ne dirom, zagayayyen murfin ƙarfe mai zurfi da ke rufe komai a ciki. A cikinsa akwai birki-shu guda biyu masu lanƙwasa, da sifirin da ke jawo su su koma mazauninsu, da wasu ƙananan sifirin masu ƙusa da ke danne su a jikin farantin baya, da ɗan ƙarfe mai haƙora da ke daidaita tazara. Yawancin Corolla na shekarun 2003 zuwa 2008 da ake shigowa da su daga Amurka dirom ne a bayansu, haka ma Golf 3 da yawa. Akwai kuma motocin da suka haɗa biyun, kamar Camry ta 2007 zuwa 2011: a waje faifai ne, amma a tsakiyar faifan akwai ɗan ƙaramin dirom da ƙananan shu waɗanda aikinsu hambirki ne kawai. Mutum zai iya duba fad da kalifa ya ga komai lafiya, alhali ɓarnar tana ɓoye a can ciki.

Me ya sa birkin baya ya fi yawan wannan matsala? Domin in mota za ta tsaya nauyinta gaba yake rinjaya, birkin gaba shi ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin. Fad ɗin baya yakan daɗe bai cinye ba, saboda haka sai a yi shekaru ba a buɗe wurin ba. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, tsatsa ta kama, giris ya bushe, ramukan hanya kuma suna ta jijjiga komai dare da rana.

To, yanzu ga binciken. Kafin ka zargi birki, buɗe but ka fitar da komai. Jak, wilsifana, kwalbar kashe gobara, da safayar taya in ba a ɗaure ta da kyau ba, duk suna yin ƙarar da za ka rantse daga taya take fitowa. Sannan ka ɗauki wilsifana ka taɓa notunan tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar babu wanda ya saki. In ka samu ko da guda ɗaya ya kwance, ka ɗaure shi nan take.

In ƙarar tana nan, nemi hanya mai gargada inda babu cunkoso, babu yara. Sauke gilasai, kashe kiɗa, ka sa wani ya zauna a kujerar baya don ya gaya maka ta dama ce ko ta hagu. Tafi a hankali, kamar kilomita 20 a awa. Da ƙarar ta fara, ɗora ƙafarka a kan birki a hankali, taɓawa kawai, ba takawar tsayawa ba. Saurara da kyau. In ta ɗauke ɗif, kana ɗage ƙafa kuma ta dawo, to ka kusa kama ɓarawonka. Wannan 'yar taɓawar ta matse fad da kalifa a jikin faifai, ta hana su motsi. Ke nan ko fad ne ke lilo a gidansa, ko kalifa ce ke lilo a kan fin, ko kuma notinta ya kwance.

In taɓa birkin ƙafa bai canza komai ba, rage gudu ya koma kamar tafiyar ƙafa, ka danne maɓallin hambirki, ka ɗaga shi kaɗan kawai, ba fizga ba. In ƙarar ta ɗauke ko ta sauya, to hankali ya koma kan shu na hambirki, ko wayarsa da ta kuɓuce daga maƙalarta tana bugun ƙarƙashin mota.

In kuwa duka biyun ba su taɓa ƙarar ba, akwai yiwuwar birki ba shi da laifi. Sai a duba link na sitabilaiza, da bushin na shokazoba, da robobin da ke rataye salansa, da siririn farantin da ke kare jikin mota daga zafin salansa. Duk waɗannan suna zaune kusa da tayar baya, kuma duk sukan yi ƙara a gargada.

Yana da kyau kuma mu san bambancin ƙararraki, don kowace da abin da take nunawa. In ƙarar tana bin juyawar taya, shaf, shaf, shaf, tana ƙara sauri in ka ƙara gudu, wani abu ne ke gogar faifai ko dirom: tsakuwa, ko farantin tare ƙura na bayan faifai da ya lanƙwashe, ko sifirin da ya karye. In ƙugi ne mai ƙaruwa da gudu, yana sauyawa in ka karya kwana, yawanci boris ne. In ƙara ce siririya mai tsinin kunne, fad da yawa suna da ɗan harshen ƙarfe da aka sa musamman don ya taɓa faifai in fad ya kusa ƙarewa. In kuwa gurza kake ji duk lokacin da ka taka birki, to fad ya riga ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma faifan ma yana lalacewa.

Masu sauraro, za mu ɗan dakata. In mun dawo za mu kwance tayar mu ga abin da ke ciki.

[Gajeren kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Kafin hannu ya taɓa sifana, ga sharuɗɗan kare rai, ko a gida ko a gareji. A ajiye mota a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A sa ta a giya ɗaya, in otomatik ce a sa ta a P. A tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya, domin aikin birkin baya yana buƙatar a sauke hambirki, ke nan babu abin da ke riƙe da motar sai giya da tokarin nan. In an ɗaga da jak, a saka madogarar ƙarfe ko katako mai kauri a ƙarƙashi. Kada a dogara da jak shi kaɗai, kada kuma a yi amfani da bulon siminti, don yana fashewa ba tare da sanarwa ba. In an taho daga doguwar tafiya, a jira birkin ya huce.

Kafin a cire tayar, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In tana da wasa, boris ne abin zargi. A juya ta da hannu a saurara. Sannan a cire ta.

Yanzu kama kalifa da hannu ka jijjiga ta sama da ƙasa. Ɗan motsi ciki da waje ba laifi ba ne, don haka aka yi ta. Amma in tana ƙwas-ƙwas sama da ƙasa, akwai magana. Fara da notunan, na fin guda biyu da manyan da ke ɗaure gidan fad. Wannan shi ne wuri mafi haɗari a duk binciken. In noti ɗaya ya fita gaba ɗaya, kalifa tana iya ɗagowa lokacin da aka taka birki ta caki cikin garin taya, tayar ta cije, ko tiyon man birki ya tsinke. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudun babu lokacin yin dabara.

In notuna suna nan daram, taɓa fad da yatsa. In yana motsi sama da ƙasa cikin sauƙi yana ƙara, duba kilif. Sau da yawa za ka tarar babu su sam, ko sun lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye su. Ina suke tafiya? A wajen canjin fad suke ɓata. An kawo sabon fad ya ƙi shiga, don tsatsa ta taru a ƙarƙashin kilif ko don fad ɗin ba na motar ba ne, sai a cire kilif a yar, ko a kai kunnen fad wajen garanda a rage shi. Fad ya shiga, mai mota ya biya ya tafi, bayan kwana kaɗan ƙara ta fara. Gyaran gaskiya shi ne a goge mazaunin da burushin ƙarfe har tsatsa ta fita, a sa sabbin kilif, a sa fad da ya dace da motar. Fad da aka riga aka rage wa kunne ba ya gyaruwa, sai dai a canza shi. Kada ka yarda a cusa maka yankin gwangwani ko robar tsohuwar tiyub, ko a ɗaure da waya. Zafin birki yakan wuce digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, roba za ta narke, gwangwani zai zame, kuma yana iya cije fad ɗin.

Sai fin. A zaro su ɗaya bayan ɗaya, a goge, a duba. A motoci da yawa ɗaya daga cikinsu yana da 'yar roba a bakinsa, ita ce ke hana kalifa kaɗawa. Ga kuskuren da ya yawaita a nan. In aka shafa wa fin giris na gama-gari, irin wanda ake sa wa boris, ko baƙin mai, robar takan kumbura, fin ya cije. In aka zo gyara sai a yanke robar a yar don fin ya shiga, daga ranar kalifa ta fara ƙara. Abin da ya dace da fin shi ne giris na silikon da aka yi don birki, wanda ba ya cin roba kuma yana jure zafi. In robar da ke rufe fin ta yage, a canza ta. In ramin da fin ke shiga ya faɗaɗa, sabon fin ma ba zai hana ƙara ba, sai an canza gidan gaba ɗaya. Kuma ko ɗigon giris kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Yayin aikin, a rataye kalifa da waya a jikin sifirin mota, kada a bar ta tana reto a kan tiyonta.

A bayan faifai akwai siririn faranti mai tare ƙura. In ya lanƙwashe yana goga, da hannu ma ana iya mayar da shi. In tsakuwa ce ta maƙale, a fitar da ita. In tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure shi yana kaɗawa, a sa masa washa mai faɗi a ɗaure, ko a canza shi.

In motarka mai dirom ce, ko mai ɗan dirom a cikin faifai, sai an cire murfin kafin a ga komai. A nan ina roƙon yaran gareji da babbar murya: kada ku hura ƙurar birki da baki ko da iskar kwamfiresa. Wasu shu da fad, musamman tsofaffi da masu araha, suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, ko a fesa ruwan wanke birki. Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto da waya, kuma a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don ɗayan ya zama abin kallo wajen mayarwa. Abubuwan dubawa su ne ƙananan sifirin masu danne shu, ko ƙusarsu ta tsinke. Manyan sifirin, ko sun karye ko sun saki. Ƙarfen daidaitawa, ko ya faɗo yana yawo a ciki. Da fatar shu, ko ta ɓanɓare daga ƙarfenta. Fatar da ta ɓanɓare tana iya cije taya ana cikin tafiya. In an ga danshin mai, silindar taya mai tura shu ce ke yoyo, dole a gyara ta, shu ɗin da ya sha mai kuma a canza shi, wanki ba ya mayar da shi daidai.

Tunda an riga an buɗe, a duba kaurin fad. In abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, lokacin canji ya yi. Kuma fad da shu ana canza su ne dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya. A jikin faifai akwai lambar da ke nuna iyakar sirantarsa, a jikin dirom ma akwai ta iyakar faɗinsa. In an wuce ta, sai sabo. Wani abin lura ga kanikawa: a motocin da hambirkinsu ke jikin kalifa, kamar Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai faifai a baya, ba a tura fistin da ƙarfi, murɗa shi ake yi yana shiga. Sabbin motoci masu hambirkin maɓalli kuwa, sai an saki birkin ta hanyar da kamfani ya tsara, sau da yawa da na'urar kwamfuta, kafin a taɓa kalifa.

An gama an mayar da komai, saura abubuwa uku. A ɗaure notunan taya a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, domin bayan canjin fad takawar farko takan tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Sannan a koma waccan hanya mai gargada a gwada a hankali. In an tsaya, a kusantar da hannu ga kowace taya ba tare da taɓa ƙarfen ba. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, birkin gefen yana kamawa, a koma a duba. Bayan tafiyar kamar kilomita 50, a sake taɓa notunan taya.

Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko kasuwar garinku, tafi da tsohon fad a hannu da lambar shasin motarka, mai haruffa da lambobi 17. Ɗora sabon a kan tsohon ka ga kunnuwansu sun yi daidai. Tambayi mai shago ko akwai kilif a cikin kwalin, in babu ka saye su daban. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wajen birki kuwa araha tana iya zama asarar da ba ta da madadi.

Ɗan'uwa mai mota, ke ma Hajiya, in kun je gareji kada ku tsaya a kan cewa mota tana ƙara a baya. Ku ce: "Malam, ta dama take fitowa, a gargada kawai, in na taɓa birki sai ta ɗauke. Don Allah a duba mini kilif da fin da notunan kalifa." Wannan bayanin ya rage wa bakanike rabin aiki, ku kuma ya rage muku kashe kuɗi a kan abin da bai lalace ba. Ku nemi a nuna muku abin da aka cire.

Kai kuma maigidan gareji, Allah ya yi wa sana'a albarka. Yaro yana koyo ne, ba laifi ya kwance ya ɗaura, amma aikin birki kada ya bar gareji sai ka ɗora sifanarka a kan kowane noti da hannunka. In an gama aiki ka ga ɗan ƙarfe ya rage a ƙasa, aikin bai ƙare ba, don kamfanin da ya ƙera motar bai sa shi don ado ba. Amanar rayukan mutane ce a hannunka.

Akwai alamomin da in an gan su tare da ƙarar, ba a ƙara tuƙa motar ko zuwa gareji ne, sai dai a kira bakanike ya zo ko a ja ta: feda tana nutsewa ƙasa, mai yana zuba ta cikin taya, jar fitilar birki ta kama a dashbod alhali hambirki a sauke yake, warin ƙuna yana fitowa daga taya, ko ana jin bugu mai ƙarfi duk lokacin da aka taka birki.

Masu sauraro, wanda motarsa ke wannan ƙara, ya yi gwajin taɓa birki a cikin makon nan, kada ya jira ranar doguwar tafiya. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan man birki, bambancin DOT 3 da DOT 4, da dalilin da ya sa ake so a canza shi kusan duk shekara 2. Kafin nan, Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.  

[Kiɗan rufe shiri]